Shekara Bakwai Bayan Haladu: Karnukansa Sun Daina Jiran Hannu

Damina bakwai ke nan da muka kai yayana Haladu makwancinsa a bayan ƙauyenmu, can gefen Kademi. Ba na jin akwai mai karanta jarida da ya san shi. Bai yi boko ba, bai riƙe sarauta ba, bai taɓa liƙa hotonsa a bangon kowa ba. Manomi ne da damina, mafarauci da rani. An fi saninsa da Haladu Mai Karnuka, kuma masu faɗar sunan sukan ɗan taɓe baki. Amma in ya dawo daga daji, babu gidan da ba ya son cinyar zomo daga jakarsa. Ranar jana'izarsa na juya na duba sahu, ban ga rabin waɗanda suka ci naman ba. Ban manta ba, kuma ba ni da niyyar mantawa.

Sai dai ba don gori na ɗauki biro ba. Na rubuta ne saboda ɗansa namiji guda ɗaya, Nafi'u, yana gab da jawo wa kansa abin da babu mai iya fitar da shi, kuma karnukan ubansa ne za su jawo masa. 'Yan acaɓar yankinmu sun riga sun faɗa a gaban mai unguwa: duk ranar da kare ya sake kayar da wani daga kan babur, ba karen za su nema ba, mai shi za su nema. Na san yaran nan tun suna yawo ba wando. Ba wasa suke ba.

Wanda ya tashi a birni zai ɗauka duk kare ɗaya ne. Ba haka ba ne. Na Yaya ba irin masu kwanciya a bakin rumfar mahauta ba ne. Sirara ne, masu dogayen ƙafafu, ƙirji a cike ciki a shafe, ko sun ƙoshi kana ganin haƙarƙarinsu. Irin ya samo shi ne daga wani tsohon Babarbare da ya zauna wajen Toranke, wanda ya ce kakanninsa da karnukan suka taso daga gabas. Abin da ya raba su da sauran ba gudu kawai ba ne, tashin farko ne. Zomo zai fita daga gindin sabara, kafin ka gama gane abin da ka gani, karen ya bar inda yake tsaye. Mu zabura muke ce masa. A farauta kuwa ita ce komai, domin zomo ba ya ba ka dogon fili. Karen da ya makara a takun farko sai dai ya dawo maka da harshe a waje.

Ni da Yaya mun kwashe shekaru muna musu a kan wannan zaburar. Ni na ɗan taɓa makaranta, na kai aji biyu na sakandare a Gaya kafin abin ya gagara, don haka a ganina duk abin da mai rai yake yi, koya masa aka yi. Na ce horo ne. A ba ni kowane kwikwiyo, in riƙa ja masa fatar zomo a ƙasa kullum yana bi, in rage masa tuwo, dole ya zabura. Shi kuwa ya ce a jini take.

"Kai ɗan boko," in ji shi, yana cire wa wata karya kaska a kunne, "wa ya koya maka ƙifta ido?"

"Ai wannan daban, Yaya."

"Da me ya bambanta? Je ka ɗauko karen mahautan Gaya, ka ɗinka masa yunifom, ka kai shi makarantar taku. Ranar da ya kama zomo, ni kuma in shiga aji ɗaya."

Na kuwa gwada, don ni ba na barin musu a baki. Na samo kwikwiyon karen gari, na sha rana ina ja masa fata har rani ya ƙare. Ya koyi gudu, ba laifi. Amma in zomo ya tashi, sai ya tsaya ya dube shi, ya dube ni, kamar ma'aikacin da aka aika ana gab da tashi daga ofis, sannan ya bi. A wannan shekarar kuma Yaya ya ba wata tsohuwa a Balan kwikwiyo ɗaya daga cikin nasa, don ya riƙa yi mata gadin awaki. Kare ya girma a tsakar gida, bai san daji ba, ba wanda ya taɓa ja masa ko tsumma. Wata rana mun biya gaishe ta, zomo ya fita daga cikin wakenta. Karen nan ya tashi da turken da aka ɗaure shi, ya ja shi har bayan shinge. Yaya dai ya dube ni, ya ci gaba da gaisuwarsa. Har yau ina jin haushin wannan kallon.

A hanyar komawa na ce masa, "To in a jini take, wahalar me kake sha da su rani guda?"

Ya ce, "Wa ya gaya maka tashi nake koya musu? Jira nake koya musu."

Bari in bayyana yadda yake yi, domin duk maganar a nan take. Kowane kare yana da zoben fata a wuya. Sai ya zura igiya ta cikin zoben, baki ɗaya ya ɗaure a wuyan hannunsa, ɗayan ya riƙe tsakanin yatsu. In ya buɗe yatsun, igiya ta zare da kanta, kare ya tafi. Duk mafarauta haka suke yi. Abin da ya fita daban shi ne, sabon kare a ranin farko Yaya ba ya sakinsa ko sau ɗaya. Zai kai shi daji, ya ga zomo ya tashi a gabansa, ya ga manya sun bi, shi yana riƙe. Karen ya yi ta kuka, yana rawar jiki, yana fizga har igiya ta yanka yatsun Yaya. Hannunsa na dama duk tabo ne, kamar na mai jan guga. Shi dai sai ya ɗora tafinsa a wuyan karen. Haka za a yi ta yi, har ranar da zomo zai tashi, karen yana rawa amma kunnensa ya juya wajen hannun mai shi. Ran nan ne Yaya zai ce bisimilla, ya buɗe yatsu.

Sannan akwai fito. Wani guntun fito ne yake yi, sau biyu, na biyun ya fi na farko sauka. Duk karen da ya fito daga hannunsa, ko bakinsa ya kusa taɓa wutsiyar zomo, in ya ji wannan fiton sai ya tsaya. Na ga haka da idona ba sau ɗaya ba.

Mutane suna ɗauka taurin kai ne kawai. Akwai taurin kan, ba zan ɓoye ba, amma akwai abin da ya fi shi. Limamin garinmu na wancan lokacin ya karantar da mu cewa abin da kare ya kama ba ya halatta sai in mai shi ne ya aike shi da sunan Allah. Karen da ya tashi da kansa, wa kansa ya yi farauta. Yaya ya riƙe wannan da ƙarfi fiye da yadda wasu ke riƙe azumi.

Ba na manta wata fita da muka yi ta ɓangaren Ajingi. Tun safe har rana ta karya ba mu kama ko ɓera ba. Sai wani saurayin karensa ya fizge igiya da kansa, ya bi gada, ya kayar da ita. Kafin mu isa da wuƙa ta riga ta cika. Gada ce mai kyau, kuma yunwa muke ji ta gaske. Mutane suka kewaye shi.

"Haladu, ai ka yi bisimilla da za ka fito daga gida."

"Ta fitowa ce wannan."

"To ka yi yanzu mana, Allah ai yana ganin zuciya."

"Yana gani kuwa. Ya ga ban aike shi ba. Mushe ce."

Ya haƙa rami ya binne ta, bai bar ko karen ya lashi jinin ba, ya kuma mayar da shi igiya har wani ranin. Zagin da ya sha a hanyar gida ba ya faɗuwa, kuma nawa ya fi na kowa yawa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Iro, karen da ya aiki kansa yau a kan gada, gobe a kan me zai aiki kansa?" Na ce masa yunwa ce ke sa shi wa'azi. A lokacin abin dariya ne.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi tsawo ba. Ƙafafu suka kumbura a tsakiyar damina, muka kai shi asibiti, muka dawo da shi, ya zauna a zaure yana kallon karnukansa ta ƙofa. Wata la'asar ya kira Nafi'u, wanda a lokacin gemu bai fara fito masa ba, ya miƙa masa igiyar. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kada ka yi gaggawar buɗe hannu." Karya ta ƙarshe da ya gama yi wa horo wata ja ce mai farin ƙirji, ya sa mata suna Ƙyalesu. Nafi'u kuwa bai samu ko rani ɗaya cikakke a gefen ubansa yana riƙe igiya ba.

Yanzu in ka zo yankinmu ka tambayi daji, sai a nuna maka gona. Inda muke bin gada, gyaɗa ce da riɗi. Sabarar da zomo ke ɓuya a gindinta an sare an kai murhu. Karnuka suna nan, jinin yana nan, abin bi ne babu. Sai samari suka ƙirƙiro wa kansu tsere. In an gama girbi fili ya buɗe, sai su sami fako mai tsawo, su cusa tsumma a fatar zomo, su ɗaure ta da doguwar igiya a bayan babur. A jera karnuka, kowa riƙe da nasa. Mai babur ya ba shi wuta yana tsaye, injin ya yi ta gurnani, sannan ya fizga. A saki karnuka. Waya ta ko'ina, ana ɗaukar bidiyo, ana ihu.

Karnukan Nafi'u ne ke cinyewa, musamman wata 'yar Ƙyalesu da ya sa wa suna Harsashi. Daga Ajingi, daga Wudil, har daga wuraren da ban sani ba, ana zuwa kallonta. Yaron da ake ce wa ɗan mai karnuka ana taɓe baki, yau ana kiran sunansa ana tafi. Ba na ganin laifinsa da ya ji daɗi. Amma ga inda aka yi ɓarnar. In kana son ka ci tsere, sai ka riga kowa saki. Wanda ya jira ya ga fata ta motsa ya makara. Saboda haka sai suka koma saki a kan ƙara: da zarar injin ya ɗaga murya, yatsu su buɗe. Nafi'u har a gida yake yi musu haka, ya sa abokinsa ya ba babur wuta a ƙofar gida, ya sake su, in sun dawo ya ba su ƙanzo. Babu bisimilla, babu tafi a wuya, babu fito. Wa zai tsayar da karen da ake so ya zo na ɗaya?

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko ba ta yi min daɗi ba. Harsashi ta fi duk karen da Yaya ya taɓa riƙewa saurin tashi. Ba ta jiran ta ga komai. Da cin musu nake nema, da na je kan kabarinsa na ce, to Yaya, ga horo ya ƙara wa jini gudu, ɗan boko ya yi gaskiya. Amma ba na son wannan nasarar. Abin da na gane da tsufana shi ne, ni da shi kowa rabin maganar ya riƙe, sai dai rabinsa ya fi nawa amfani. Zaburar a jini take, ba mai sa ta, ba mai cire ta. Mutum kuwa shi ke zaɓar abin da zai tashe ta. Yaya ya ɗaure ta a hannunsa. Su sun ɗaure ta a ƙarar inji.

Na gaya wa Nafi'u tun bara.

"Karyar nan fa ba fata take bi ba, babur take bi."

"Baffa, ai shi ne sirrin. Ba ka gane ba, tirenin ne, horon zamani. Da Baba yana nan ya ga yadda ake kallon bidiyonta, da ya yi murna."

"Da ya fasa wayar a kanka. Hanyar nan ta ƙofar gidanku, jakuna ne kaɗai ke bin ta?"

"Ai a ɗaure suke."

"Kai ne mutum na farko da igiya ba ta taɓa kuɓuce wa ba?"

Ya yi dariya, ya ce ni dai tun da aka haife ni ban taɓa ganin abin da ya yi min daidai ba. A nan kam bai yi ƙarya ba.

Abin ya faru da daminar nan, ranar kasuwar Gaya, da hantsi. Ina bakin gonata ta gefen hanya. Nafi'u ya kai karnuka kududdufi yana wanke su, ya zare musu igiya. Sai ga Ɗan'asabe, wani ɗan acaɓa na ƙauyen da ke gaba da mu, ya goyo mahaifiyarsa, ta rungume jarkar man gyaɗa za ta kai kasuwa. Akwai wani wuri a hanyar da yashi ya taru, duk mai babur in ya zo nan sai ya ƙara wuta kafin ya fita. Ɗan'asabe ya ƙara wuta. Ƙarar tsere ce sak.

Karnuka uku suka fito daga ruwa kamar an harbo su: Harsashi, da ɗan'uwanta, da tsohuwa Ƙyalesu tana bin 'ya'yanta. Ban san lokacin da fiton ya fita daga bakina ba. Tun rasuwar Yaya ban yi shi ba. Sau biyu, na biyun ƙasa da na farko.

Ƙyalesu ta tsaya kamar ta ci karo da bango. Ƙafafunta suka karce ƙasa, ta zauna, ta juyo. Sauran biyun ko kunne ba su karkaɗa ba. Harsashi ta ga bakin mayafin tsohuwar yana kaɗawa a bayan babur, abin da aka koya mata ke nan, ta yi tsalle ta kama. Babur ya kife. Mai ya malale a yashi. Ɗan'asabe ya tashi da fatar hannu a saɓule, uwarsa ba ta tashi ba. Ƙashin ƙugu ya karye. Har yanzu da nake rubutun nan tana kwance, mai ɗori yana zuwa yana komawa, kuma duk wanda ya je dubiya in ya fito sai ya yi shiru. Mace ce mai shekaru. Ba sai an gaya wa kowa abin da ake tsoro ba.

Ana cikin ihu da salati, Ƙyalesu ta tako ta zo wurina. Ta shinshini hannuna, ta zagaya bayana, ta leƙa cikin gero, ta dawo ta sake shinshina. Ba ni take nema ba. Da ta ga babu Yaya, sai ta kwanta a gefen ƙafata. Na binne uwa, na binne uba, na binne 'ya, amma ran nan sai da na juya wa mutane baya.

Aka taru a ƙofar mai unguwa. Wasu suka ce a kashe karnukan duka. Nafi'u ya ce sai dai a fara da shi, su ne kaɗai abin da ubansa ya bar masa. Shugaban 'yan acaɓa, wani dogo mai tabo a goshi, ya bari kowa ya gama, sannan ya durƙusa da ladabi.

"Baba mai unguwa, mun ji, mun kuma bi. Wannan karon mun bar wa Allah. Amma muna so a shaida. In aka sake, ba za mu zo nan ba. Kuma kare ba shi da laifi a wurinmu."

Mai unguwa ya ce a yi haƙuri, a yi addu'a. Aka shafa, aka watse. Dattawan da suka ci naman Haladu ba wanda ya buɗe baki ya ce a daina tseren, domin rabinsu 'ya'yansu ne ke jan fatar, sauran kuma suna son a riƙa ambatar sunan garin. An ma riga an sa tseren bana, da zarar an yanke dawa. Masu zuwa daga nesa suna ta kiran Nafi'u a waya suna zuga shi, wai kada ya bari tsoron 'yan acaɓa ya sa Harsashi, zakarar tseren, ta zauna a gida.

Nakan zauna in tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga wannan zamanin. Na san ba zai zagi karen ba. Ba zai yi doguwar magana ba ma, ba halinsa ba ne. Tambaya ɗaya zai yi, irin wadda ya yi a kan gadar nan: wa ya aike shi? Kuma ina jin ba a kan karnuka kaɗai zai yi ta ba. Na ga yadda ake yi a kasuwanninmu yanzu. Wani ya ɗaga murya ya ce ɓarawo, samari su tashi da gora da dutse, ba wanda ya ga abin da aka sata, ba wanda ya san fuskar da yake bi. In an gama sai a tsaya ana tambayar me ya yi. Ƙara kawai suka ji. Abin da ke hana ni sukuni ke nan game da Nafi'u. Ranar da za a zo masa, ba shugaban nan mai ladabi ne zai zo ba. Wani ne zai kira a waya ya ce kare ya sake kayar da mutum, ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, babura su tashi. Kuma su babu mai fiton da zai tsayar da su.

Makon jiya da la'asar ina zaune gindin ɗorawar bakin hanya, sai ga Nafi'u ya jawo Harsashi da igiyar ubansa. Ƙyalesu tana biye da su a hankali. Ya gaishe ni, ya daɗe yana wasa da ƙasa da yatsan ƙafa.

"Baffa, fiton nan da ka yi ran nan. Koya min."

"Fiton ba wuya, ko akuya ta iya. Amma Harsashi hankalinta ba ya wurinka, ba za ta ji ba. Sai ka riƙe ta rani guda, babur yana wucewa, ba ka saka ba."

"Rani guda? Baffa, tseren fa bayan kaka ne."

"Na sani. Kai za ka zaɓa."

Ya zauna kusa da ni, ya ɗaura baki ɗaya a wuyan hannu, ya riƙe ɗayan tsakanin yatsu, yadda ubansa yake yi. Ragowar igiyar da ta wuce yatsunsa ta kwanta a ƙasa tsakaninmu. Na ɗora ƙafata a kai, bai lura ba.

Ba mu daɗe ba muka jiyo babur daga wajen Gaya. Harsashi ta miƙe, jikinta ya ɗauki rawa. Na ce masa ya sa tafinsa a wuyanta, ya sa. Mai babur ya iso wurin yashin nan, ya ƙara wuta.

Ni ba karyar nake kallo ba, hannunsa nake kallo. Yatsun suka buɗe.

Harsashi ta fizga, igiya ta zare har ta zo inda ƙafata take, ta tsaya. Karyar ta faɗi ta gefe tana shure-shure. Mai babur ya wuce, amma ya waiwayo ya daɗe yana kallonmu, kuma ya san mu sarai.

Nafi'u ya ɗaga hannunsa yana dubawa kamar na wani ne aka ba shi aro.

"Wallahi Baffa ban saka ba. Wallahi riƙewa na yi niyya."

"Na sani," na ce masa. "Ba karyar kaɗai ka yi wa tirenin ɗin ba."

Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

To, ga abin da ya rage na Haladu bayan shekara bakwai, in aka auna shi ba da son kai ba. Jinin karnukansa yana nan, ya ma bazu garuruwan da bai taɓa zuwa ba, kuma ba ya bukatar kowa ya kula da shi. Wannan ba nasa ba ne ma, na Allah ne. Abin da yake nasa, wanda ya yanke yatsu a kai, shi ne jiran nan. Shi kuwa ya rage a wuri biyu: jikin tsohuwar karya wadda haƙoranta suka fara zubewa, da bakina, ni da nawa haƙoran ba su fi nata ba. Ba na jin ɗayanmu zai daɗe yana riƙe da shi.

Tun daga ran nan Nafi'u yakan zo gindin ɗorawa da la'asar. Wata rana ya zo, wata rana in jira shi har a kira magariba. In ya zo muna zama, babur yana wucewa, wani lokacin yatsun su riƙe, wani lokacin su buɗe. Bai ce ya fasa tseren ba, ban kuma sake tambayarsa ba. Dawa dai ta fitar da kai, ta fara ja. Da an yanke ta fili zai buɗe, kuma a filin tsere ba za a bar ni in sa ƙafa a kan igiya ba.

Allah ya haskaka kabarin Haladu, ya yafe masa, ya ba mahaifiyar Ɗan'asabe lafiya ta taka da ƙafarta. Yaron nan kuwa, ya Allah, ka riƙe masa hannu.